Yadda Ake Ƙaura Zuwa Ikorodu, Daga Neman Ɗaki Har Zama Ɗan Unguwa

Duk wanda ya kwana biyu a Legas ya san takardar nan. Mai gida ke aiko da ita ta hannun kiyateka, wato mai kula da gidan, idan haya ta kusa ƙarewa, ka karanta sabon kuɗin ɗaki sau biyu kana cewa ko hannu ne ya zame wajen rubutu. Daga ranar, hirar majalisa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 takan koma tambaya ɗaya: "Wai ya Ikorodu take ne?" Ni ma da ita na fara. Yau shekarata shida a can, kuma na raka mutum huɗu neman gida bayana. Biyu sun zauna, biyu sun tattara komatsansu sun koma cikin gari tun kafin shekara ta zagayo. Ba wanda haya ta kora a cikinsu. Ɗaya hanya ce ta cinye shi, ɗaya ruwa ne ya kwana masa a ɗaki.

Haya a Ikorodu ta fi ta cikin gari sauƙi, wannan gaskiya ne. Sai dai rangwamen da mai gida ya yi maka, direba da mai ruwa da mai sayar da fetur suna nan suna jiran rabonsu. Dabarar ita ce ka san nawa za su karɓa tun kafin ka biya ko sisi.

Mataki na 1: Ka san wace Ikorodun ake nufi

Ikorodu tana arewa maso gabashin Legas, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya jihar Ogun. A ƙidayar 2006 mutanenta sun haura rabin miliyan, kuma tun daga nan gini bai huta ba. Gonar rogon da ka wuce bara, bana za ka tarar an kewaye ta da bulo har an sa ƙofa. Ƙaramar hukuma ɗaya ce a lissafin tarayya, amma jiha ta yanka hukumomin raya ƙasa biyar a cikinta: Ikorodu ta Yamma, Ikorodu ta Arewa, Igbogbo-Baiyeku, Ijede da Imota. Saboda haka in ejan, wato dillalin gidaje, ya ce maka "akwai ɗaki a Ikorodu," bai ce komai ba tukuna.

In ka taso daga Mile 12, za ka wuce Owode, Ajegunle, Itowolo, Majidun, Ogolonto, Agric, sannan ka iso shataletalen Garage, cibiyar gari. Daga Agric ake shiga Owutu da Isawo. Daga Ogolonto ake gangarawa Ebute da Ibeshe, bakin ruwa. Gaban Garage kaɗan Sabo take, inda za ka ji Hausa ta ko'ina, ka sami mai nama da ɗan hatsi da mai shayin da ya san garinku. Daga nan hanyoyi sun rabu. Ɗaya ta miƙe Sagamu ta jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda kafin 2022 kwalejin kimiyya ce, ta wuce Odogunyan da Ita Oluwo. Ɗaya ta bi Itamaga, ta sake rabuwa biyu: ta Ijede da Gberigbe, da ta Maya, Adamo da Imota, inda katafaren injin casar shinkafar da aka buɗe a 2023 yake. Igbogbo da Baiyeku kuma suna kudu.

Duk taku ɗaya da ka yi nesa da babbar hanya, haya na sauka, wahalar fita na hawa. Kuma ka kula da Ogijo. 'Yan ejan na kiranta Ikorodu, alhali jihar Ogun ce. Dokar haya da takardun fili da makarantar gwamnati duk na Ogun ne. Daga Odogunyan zuwa can akwai masana'antun narkar da ƙarfe. Ga mai harkar gwangwan wuri ne na samu, amma mai ƙananan yara ko mai ciwon asma ya je da yamma ya shaƙi iskar wurin kafin ya yanke shawara.

Mataki na 2: Ka gwada hanyar da ƙafarka kafin ka ga ko ɗaki ɗaya

Nan ne mafi yawan mutane ke yin tuntuɓe, domin ran Lahadi da rana suke zuwa duba gida. Ran Lahadi hanya fayau take, daga Mile 12 zuwa Garage ko rabin sa'a ba za ka yi ba, sai ka ce ashe ma kusa ce. Ka dawo ran Litinin da ƙarfe shida na safe ka ga wata duniyar.

Ka nemi wani ɗan'uwa ka kwana a wurinsa daren Lahadi. Da asuba ka fito kamar mai tafiya aiki ko kasuwa, ka duba agogo, ka rubuta duk kuɗin da ka kashe. Da yamma ka dawo ta hanyar, a lokacin da ka saba tashi daga nema. Wannan kwana ɗayan ya fi shawarar mutum goma.

Hanyoyin fita uku ne. Na farko BRT, dogayen motocin da ke da layinsu na kansu. An fara su a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, aka ƙaro layin zuwa Ikorodu a 2015, kimanin kilomita 13 da rabi. Da katin Cowry ake shiga, ka saya a tasha ka zuba masa kuɗi. In motar ta tashi ba ruwanta da gosulo sosai, matsalar ita ce layin shiga. Wanda ya iso tasha ƙarfe biyar da wanda ya iso shida da rabi, tsakaninsu ba sa'a ɗaya da rabi ba ce, rabin safiya ce. Shi ya sa da yawa cikinmu da alwala muke fita, a yi asuba a tasha ko a masallacin Mile 12.

Na biyu danfo, ƙaramar motar bas ta haya. Kuɗinta ba shi da tsayayyen farashi, kwandasta na kallon sama, da hadari ya haɗu ya ƙara.

Na uku jirgin ruwa, wanda mutanenmu ke gudu don ba mu saba ba. Daga tashar Ipakodo a Ebute ana zuwa CMS da Falomo, daga Baiyeku a haye Langbasa, daga Ijede a haye Badore a ɓangaren Ajah. Tafiyar da mota za ta kwashe sa'a biyu ko uku, jirgi kan yi ta ƙasa da sa'a guda. Ya fi tsada, kuma akwai lokacin da kainuwa ke rufe bakin ruwa ta hana jirage sakat. Kada ka zauna ba rigar ceto mai hana nutsewa, ka ɗaure ta sosai ko da na kusa da kai zai yi maka dariya. In duhu ya shiga kuwa, ka haƙura ka bi mota.

Sai lissafin da ake mantawa, wato kuɗin fita daga gida zuwa tasha. A ce okada ko keke na karɓar naira 500 zuwa bakin titi, 500 dawowa. A kwana 26 naira dubu 26 ke nan, a shekara ya haura dubu 300, kai kaɗai, ban da uwargida da 'yan makaranta. Ɗakin da ka samu da ragin dubu 200 saboda yana can ƙurya, ka ga ashe kai aka ci. Araha ba ta ado. Ni dai shawarata, gidan da za ka iya takawa da ƙafa zuwa bakin kwalta cikin minti goma sha biyar, ka biya ƙarin kuɗinsa da zuciya ɗaya.

Ɗan acaba kuma ya riƙe wannan: a Yunin 2022 gwamnati ta haramta okada kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, a Satumba ta ƙara huɗu, ciki har da Kosofe, inda Mile 12 da Ketu suke. Ikorodu ba ta cikin jerin, ana aiki a cikin unguwanni, amma hawa babbar hanya ko haurawa Mile 12 da fasinja neman a ƙwace mashin ne. Kafin ka fara, ka je wurin 'yan ƙungiyar tashar ka ji ƙa'idarsu da kuɗin tikitinsu.

Mataki na 3: Ka duba unguwar da damina

Damina a Legas biyu ce a haɗe. Ruwa na sauka tun Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. A wannan zangon na biyu ne akan saki ruwan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, kogin Ogun ya cika ya tumbatsa, ya shiga unguwannin da ke kwari irin su Ajegunle, Itowolo da sassan Majidun da Isawo. Sai ka ga rana tsaka, ba ko gajimare, ruwa na hawa a tsakar gida.

In da hali, ka nemi gida a Yuni ko Oktoba. In kuma da rani ya kama, gini ba ya ɓoye sirri. Dubi katanga daga ƙasa: in ka ga zane mai duhu ya miƙe daidai gwiwa, nan ruwa ya tsaya. In sabon fenti ne aka shafa daga ƙasa zuwa ƙugu aka bar sama, tambayi kanka me ake rufewa. Dokin ƙofa da aka ɗaga da bulo biyu, katakai a jingine gefen layi, buhunan yashi da suka fashe, firijin mai shago a kan benci, duk magana suke yi.

Kada ka tambayi ejan ko ruwa na shiga, amsarsa ɗaya ce tun ranar da aka haife shi. Ka zauna wurin mai shayi, ka sayi kofi ɗaya, ka tambayi mai gadi ko ɗan garuwa. Wanda ke tura kura a layi ya san kowane rami da sunansa. Wani dattijo mai gadi ne ya cece ni daga wani ɗaki mai kyau a kwari. Na ce, "Baba, ya layin nan yake da damina?" Bai ce komai ba, ya nuna mini wani ƙaramin kwalekwale a kife a bayan shago.

Mataki na 4: Ejan da kuɗin shiga

Ba a samun ɗaki a Legas ba ejan, sai mai sa'a. Ka nemi wanda wani naka ya taɓa kama gida ta hannunsa, mai shago ko ofis da za a same shi gobe. Akwai hukumar jiha mai rajistar dillalan gidaje, LASRERA. Yawancin na cikin unguwa ba su da rajista, amma ko tambayar kaɗai takan sa mutum ya gyara zama.

Za a nemi kuɗin duba gida, ɗan kaɗan ne, an saba. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne tura kuɗin haya kafin ka shiga ɗakin ka kuma ga mai gida ido da ido. Saura ƙiris a yi mini haka. Yaron ya nuna mini ciki da falo ta taga, ya ce makulli na wurin kiyateka, mutum uku na layi, in ban ba da rabi yau ba gobe babu. Na ce sai na gaida mai gida. Ya yi ta kwana-kwana, ni kuma na buga ƙofar da ke kusa. Wata tsohuwa ta fito ta ce ɗakin an biya shi tun makon jiya. Kafin in waiga yaron ya ɓace.

Ka ce a faɗa maka jimillar komai tun farko, domin abu huɗu ake biya: haya, kuɗin ejan, kuɗin agirimen na lauya, da koshon, wato ajiyar da za a riƙe ko ka ɓata wani abu. A ce haya dubu 600 ce. In ejan ya ɗauki kashi 10, lauya kashi 10, koshon dubu 50, ka tashi a dubu 770. Gwamnatin jiha ta sha nanata cewa kuɗin ejan kada ya wuce kashi 10, amma a ƙasa za ka ji an ambaci fiye da haka. Ka taya kamar yadda kake taya buhun albasa. Koshon kuma a rubuta shi a rasit, a rubuta za a mayar, in ba haka ba ka yi masa sallama.

Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma hana ɗan hayar bayarwa. Ta wajabta rasit. Mai biyan shekara-shekara, notis ɗinsa wata shida ne, mai biyan wata-wata wata ɗaya, sai fa in takardar da kuka sa wa hannu ta faɗi wani abu daban. Nan ne ramin yake. Mutum ya sa hannu bai karanta ba, ashe an rubuta notis wata ɗaya. In Turancin lauyoyi ya fi ƙarfinka, ka ɗauki hotonta ka kai wa wanda ya iya, ka kwana a kai. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da na mai gidan da ke cikin takardar.

Akwai wata magana da ba a son faɗa. Wasu masu gida da sun ji kai ɗan Arewa ne sai su ce an riga an kama ɗakin. Wasu tsoron yawan baƙi suke, don sun san ɗakinmu ba ya rasa ɗan'uwan da ya zo cin rani. Kada ka tsaya faɗa, gidaje ba su ƙare ba. Ka tafi da wanda zai tsaya maka, abokin kasuwa Bayarabe ko liman, ka faɗi sana'arka da yawan iyalinka tsakani da Allah. Ka tambaya tun yanzu: baƙo zai iya kwana nawa, ana yanka ragon layya ko na suna a tsakar gida, ƙarfe nawa ake kulle ƙofa. Mai iyalin da ke son sutura ya yi tunani sosai kafin ya shiga gidan fes-mi-ai-fes-yu, inda ɗakuna ke kallon juna, bayi da kicin na kowa da kowa. Sel-kwanten ko mini-fulat, masu bayi da kicin nasu na kansu, ko da ƙarami ne, ya fi wa uwargida kwanciyar hankali.

Mataki na 5: Wuta da ruwa

Abin dariya, tashar wutar Egbin mai megawat 1,320, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar nan, a Ijede take, amma wutarta layin ƙasa take shiga kafin a rabo. Zama kusa da ita ba ya nufin fanka za ta kwana tana juyawa. Ikeja Electric ke raba wuta a yankin, kuma layi-layi ne. Tun Afrilun 2024 'yan rukunin A, masu samun sa'a 20 ko fiye a rana, kuɗin yunit ɗinsu ya ninka na saura nesa ba kusa ba. Ka tambayi maƙwabta wane rukuni layin yake, sa'a nawa suke gani da idonsu, yaushe rabon da taransifoma ta lalace, kuma nawa aka tara aka gyara.

Mita mai kati, taka kai kaɗai, ita ce zaman lafiya. Ka karɓi lambarta ka bincika ko akwai bashi a kanta, don wanda ya tashi kan bar tsohon bashi a riƙa cira duk lokacin da ka sa kati. Mitar haɗaka kuwa, ranar da maƙwabci ya sayo firiza ranar gaba ta fara.

Ruwan famfon gwamnati ka cire shi a lissafi. Bohol ne ko rijiya. Ka buɗe famfo da kanka, ka tara a farin bokiti, ka bar shi kuna hira. In ya koma ja-ja ko ya yi tsatsa a ƙasa, haka zai yi wa fararen kayanka. Ka ɗanɗana a harshe, domin kusa da bakin ruwa akan sami mai gishiri-gishiri. Ka dubi tazarar rijiya da ramin masai. Sannan ka tambayi wa ke kunna injin turo ruwa, sau nawa a mako, in ba wuta wa ke sayen man janareto. Ka kuma duba sabis ɗin wayarka a cikin ɗaki, ba a bakin ƙofa ba, musamman in da waya kake ciniki.

Mataki na 6: Ranar tashi

Lahadi bayan asuba. Ka ɗauki direban da takardun motarsa suka cika, ku gama ciniki har da 'yan lodi kafin a ɗora ko tabarma. Ka ja masa kunne kada ya shiga layin BRT, tarar ta fi kuɗin jigilar. Ka riƙe canji a aljihu daban saboda samarin kan hanya, ka sanar da mai gadin sabuwar unguwar tun jiya. Kafin kaya su shiga, ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a fashe ka tura wa kiyateka, ka canza makulli.

Mataki na 7: Watan farko

Gaisuwa ita ce kuɗin shiga na biyar, kuma ita ta fi araha. Yarabawa ba sa wasa da ita. "E kaaro" da safe, "e kaasan" da rana, "e kaale" da dare, ka ɗan rusuna wa babba, ka ce Baba ko Mama ko Alhaja. Makon farko ka bi maƙwabta ƙofa-ƙofa, uwargida ta aika da ɗan abin hannu, ko ƙuli-ƙuli ne ko dambun nama.

Kusan kowace unguwa na da ƙungiyar mazauna, CDA. Su ke ɗaukar masu gadi, su zuba ƙasa a layi, su tara kuɗin taransifoma. Ka je taronsu, ka biya kuɗin wata, ka karɓi rasit. Mutanenmu na da sakaci a nan, sai rigima ta taso a ce ba a san mu ba. Yawancin layuka na da ƙofar ƙarfe da ake rufewa da dare a buɗe wajen ƙarfe biyar. In kai mai sammako ne zuwa Mile 12 tarbar motar tumatir, ka gabatar da kanka ga shugaban tsaro tun wuri, kada a haska maka tocila ƙarfe huɗu ana tambayar wane ne kai.

Ka je Sabo ka gaida Sarkin Hausawa, ka shiga ƙungiyar 'yan garinku ko ta sana'arka. Ranar rasuwa ko ranar da aka kama yaro bisa kuskure, nan za ka fara bugawa. Masallatai ba a nema, Musulmi na da yawa a Ikorodu, sai dai huɗuba da Yarbanci a mafi yawan wurare. Ka yi katin mazaunin jiha na LASRRA, yana sauƙaƙa harkar makaranta da asibiti. Lambobin gaggawa 767 da 112 ne, ka sa wa kowa a waya.

Sai Oro, bikin gargajiyar Yarabawa, wanda duk baƙo ya kamata ya sani. Ikorodu garin gargajiya ne mai sarki, wanda ake kira Ayangburen, kuma Oba Kabiru Shotobi ke kan karaga tun 2015. Duk shekara ana bukukuwan Oro guda biyu, Magbo da Liwe. A ranakun mata ba sa fita a cikin tsohon gari da kewayensa, shaguna na rufewa, hanya ta yi tsit. Ana sanarwa kafin ranar. Ba addininka ba ne, amma ba kuma wurin nuna jarumta ba ne. A yi cefane tun jajibiri, mata da 'yan mata su zauna a gida, mai juna biyu da ta kusa haihuwa a kai ta wurin dangi a wata unguwa. Ƙananan garuruwan kewaye ma kowanne da nasa lokacin, ka tambayi maƙwabci.

Maganar tsaro, sunan garin ya ɓaci a 2016 da 2017 lokacin ta'asar 'yan ƙungiyar asiri ta Badoo. Wannan ta wuce. Abin da ya rage shi ne faɗan 'yan ƙungiyar asiri da ke tashi jefi-jefi a wasu unguwanni. Mai ɗa saurayi ya san abokansa, ya san inda yake bayan isha'i.

Makarantun gwamnati cike suke maƙil, masu zaman kansu kuma kowane layi da tasa, wata ɗaki uku ce da allo. Ka shiga aji da kanka ka ga littafin yaro. Tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun jihar. Kada ka damu, cikin shekara ɗaya ɗanka zai zama tafintanka a kasuwa. Hausar ce za ka yi wa gadi a gida, da Islamiyya, wadda in ba ka kusa da Sabo za ka iya buƙatar haɗa kai da gida uku ku ɗauki malami. Akwai babban asibitin gwamnati a Ikorodu da wani a Ijede, da tsarin inshorar lafiya na jiha, Ilera Eko. Shara motocin da ke ƙarƙashin hukumar shara ta jiha, LAWMA, ke kwashewa a biya su, an hana bai wa masu baro. Ran Alhamis kuma kasuwanni ba sa buɗewa sai ƙarfe goma, ana tsafta.

Mataki na 8: In zuciya ta raya maka sayen fili

Za ta raya maka. Wata shida da zuwa za a fara nuna maka daji ana cewa gadar Fourth Mainland, wadda gwamnati ke shirin ginawa, nan za ta sauka. Tun ina saurayi ake maganar gadar nan. Ka sayi fili don abin da ke wurin yau, in gada ta zo riba ce. Kuma ka yi haya shekara guda cur tukuna, ka ga damina ka ga rani.

Fuloti a nan ƙafa 60 ne a 120, ba 50 a 100 irin namu na gida ba. Yawancin filaye na dangi ne, 'ya'yan ƙasa da ake kira omo onile. Cinikin filin dangi ba ya tabbata sai shugaban dangin da manyansu sun yarda sun sa hannu. Mutum ɗaya da ya zo da rasit a aljihu yana cewa na kakansa ne, gobe ɗan baffansa zai zo ya sayar wa wani.

Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa na hannun gwamna a matsayin amana, kuma gwamnatin Legas ta ware wurare masu faɗi don ayyukanta. Abin da ta sakar wa ƙauyuka shi ake bugawa a gazet, mujallar sanarwar gwamnati. Saboda haka kafin kuɗi ya fita, ka ɗauki safiyo, wato mai awon fili, naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya auna filin ya kai lambobin ofishin babban safiyon jiha a Alausa a duba ko yana cikin na gwamnati, ko kan hanyar da za a yi, ko ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ko kan bututun mai. Lauya kuma ya bincika ofishin filaye. In akwai satifiket na mallaka da sunan wani, sayenka ba ya cika sai da amincewar gwamna. Kuɗin safiyo da lauya na da zafi a lokacin, amma ban taɓa ganin wanda ya yi nadamarsu ba.

Bayan saye ma ba a gama ba. Ranar haƙa harsashi samari za su zo da mashina su ce kuɗin tushe, ranar rufi su dawo, ranar bohol su dawo. Dokar kare dukiya ta 2016 ta haramta irin wannan karɓar da ƙarfi, akwai ma kwamitin jiha na masu ƙwacen fili da ake kai wa ƙara. Duk da haka mai hankali a teburin ciniki yake kashe maganar: a rubuta cikin yarjejeniya cewa abin da aka biya ya haɗa da komai, shugaban dangi ya sa hannu, Baale, wato mai garin ƙauyen, ya shaida, a ɗauki hoto da bidiyo. Gini kuma sai da izinin hukumar tsara birni, in ba haka ba jan fenti na iya bayyana a katangarka wata safiya.

Kada ka bar filin a buɗe ka ce sai ka tara kuɗi. A satin da ka biya ka kafa duwatsun safiyo, ka ɗaga katanga ko da layi uku ne na bulo, ka sa ƙofa. In akwai ɗan'uwa mai neman wurin noman rogo ko alayyafo, ba shi ya riƙa kwana a ɗan ɗakin langa-langa a ciki, kai kuma ka riƙa leƙawa duk ƙarshen wata, ka biya ta gidan Baale ka gaishe shi kafin ka wuce.